Shin magungunan ciwon sukari da rage ƙiba suna jinkirta tsufa? Mene ne hukuncin amfani da su?

Tambaya

Shekaruna 59, kuma shekara takwas ke nan ina fama da ciwon sukari, ga hawan jini, ga ƙiba da ta kai ni yin sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa. Ina shan metfomin safe da yamma. Likitana ya yi mini maganar wata allura da ake yi sau ɗaya a mako, ya ce tana rage ƙiba, tana kuma kare zuciya da ƙoda. Na kuma ji ana cewa irin waɗannan magunguna suna hana tsufa, har ƙanena da lafiyarsa ƙalau yana son ya fara. Mene ne gaskiyar lamarin? Shin neman irin wannan magani ya saɓa wa tawakkali da imani da ajali? Kuma allurar tana karya azumi?

Taƙaitacciyar amsa

Bincike ya tabbatar da cewa waɗannan magunguna suna rage haɗarin ciwon zuciya da lalacewar ƙoda ga masu ciwon sukari ko ƙiba mai cutarwa, kuma ta wannan hanya suna taimaka wa mutum ya tsufa da sauran ƙarfinsa. Amma ba a tabbatar da cewa suna jinkirta tsufa ga mai lafiya ba. Amfani da su bisa umarnin amintaccen likita halal ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Allurar ba ta karya azumi, ƙwayar da ake haɗiyewa da rana ita ce ke karyawa.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: bambanci tsakanin tsufa da cututtukan da ke zuwa tare da shi

Asalin wannan mas'ala shi ne hadisin Usama ɗan Sharik (Allah Ya ƙara masa yarda) da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umarci mutane da neman magani, ya kuma ware tsufa shi kaɗai a matsayin abin da ba shi da magani. Don haka duk wanda ya ce maka yana da maganin da ke hana tsufa, to ya faɗi abin da babu shi.

Sai dai abubuwa da yawa da mutane ke ɗora wa tsufa, cututtuka ne masu magani ko riga-kafi. Shanyewar ɓarin jiki, da toshewar jijiyoyin zuciya, da mutuwar ƙoda har a kai ga wanki, da raunin gani, da gyambon ƙafa da ke kai wa ga yankewa, duk ciwon sukari da hawan jini da ƙiba suna gaba-gaba wajen jawo su. Sukarin da ya daɗe yana da yawa a jini yana cin jijiyoyi a hankali, ƙanana da manya, shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji wani zafi ba. Za ka ga mutum biyu sa'annin juna, ɗaya yana taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar a rana, ɗaya kuwa sai an ɗaga shi an kwantar. Abin da likitoci ke nufi da tsufa cikin lafiya shi ne mutum ya kasance kamar na farkon. A nan ne waɗannan magunguna suke da amfani.

Na biyu: abin da ya tabbata game da kowane rukuni na magungunan

Rukunin farko shi ne metfomin, wanda ake sayarwa da sunan Glucophage da wasu sunaye. Wani likita Bafaranshe mai suna Jean Sterne ne ya fara ba masu ciwon sukari shi a 1957. Aikinsa shi ne rage yawan sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, da sa jiki ya ƙara amsa insulin. Yana da araha, kuma idan shi kaɗai ake sha da wuya ya sa sukari ya faɗi ƙasa ainun. A wani dogon bincike da aka yi a Birtaniya mai suna UKPDS, wanda sakamakonsa ya fito a 1998, masu ciwon sukari masu ƙiba da aka ba metfomin sun samu raguwar mace-mace da kashi 36 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka bari a kan gyaran abinci. Daga irin wannan sakamako, da gwaje-gwaje a kan dabbobi, wasu masana suka fara zaton ko yana taɓa tsufa kansa. Wani masani a Amurka, Nir Barzilai, ya tsara bincike mai suna TAME don gwada shi a kan mutum 3,000 masu shekara 65 zuwa 79 waɗanda ba su da ciwon sukari, amma rashin kuɗi ya yi ta jinkirta aikin. Saboda haka maganar cewa metfomin yana ƙara wa mai lafiya ƙuruciya har yanzu hasashe ce.

Rukuni na biyu shi ne alluran da ke kwaikwayon wani sinadari mai suna GLP-1, wanda hanji ke fitarwa bayan cin abinci. Wannan sinadari yana sa jiki ya saki insulin idan sukari ya hau, yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Maganin farko na wannan rukuni an samo asalinsa ne daga yawun wani ƙadangare mai dafi da ke rayuwa a hamadar kudu maso yammacin Amurka, aka amince da shi a 2005. Wanda ya fi shahara yanzu shi ne semagulutayid na kamfanin Novo Nordisk da ke Denmak, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari tun 2017, da sunan Wegovy don ƙiba tun 2021, da kuma ƙwayar sha mai suna Rybelsus. Akwai kuma Mounjaro na kamfanin Eli Lilly da ya fito a 2022, wanda ke kwaikwayon sinadarai biyu a lokaci guda.

A binciken STEP 1 na 2021, masu ƙiba da aka yi wa allurar semagulutayid sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta kuwa ba su kai kashi 3 ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai shekaru shi ne binciken SELECT na 2023, wanda ya haɗa mutum 17,604 masu shekara 45 zuwa sama, masu ƙiba da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini amma ba su da ciwon sukari. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya sun samu kashi 6.5 cikin 100 na masu allurar, da kashi 8 cikin 100 na waɗanda ba su samu maganin ba, wato haɗarin ya ragu da kashi ɗaya bisa biyar. Binciken FLOW na 2024 kuma, a kan mutum 3,533 masu ciwon sukari da ciwon ƙoda, ya nuna raguwar haɗarin mutuwar ƙoda da mutuwa ta dalilin ƙoda ko zuciya da kashi 24 cikin 100. A shekarar dai aka nuna cewa allurar tana rage ciwon gwiwa ga masu ƙiba da sanyin ƙashi, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Zepbound, wanda maganinsa ɗaya ne da Mounjaro, ga masu ƙiba da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci.

Akwai kuma inda fatan bai cika ba. An yi zaton semagulutayid zai rage saurin ciwon mantuwa na Alzheimer, amma a watan Nuwamban 2025 kamfanin da kansa ya sanar da cewa manyan gwaje-gwaje biyu ba su nuna hakan ba.

Rukuni na uku shi ne ƙwayoyin da ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, waɗanda likitoci ke kira masu toshe SGLT2, kamar Jardiance da Forxiga. A binciken EMPA-REG na 2015, a kan mutum 7,020 masu ciwon sukari da ciwon zuciya, mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100. Bincike na baya ya nuna suna amfanar masu raunin zuciya da masu ciwon ƙoda ko da ba su da ciwon sukari.

Ka lura, ɗan'uwa, da abu guda da ya haɗa duk waɗannan alƙaluma: an samo su ne daga marasa lafiya, masu sukari ko ƙiba ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi a kan mai lafiya mai matsakaicin jiki. Kai kana cikin irin waɗanda aka yi binciken a kansu, ƙanenka kuwa ba ya ciki.

Na uku: illolin da ya kamata mai shekaru ya sani

Babbar illar da ta shafi tsufa ita ce zubewar tsoka. Ɗan Adam yana rasa tsoka a hankali tun daga shekara 30, abin yana ƙara sauri bayan 60. Idan aka rage nauyi da waɗannan allurai, ba kitse kaɗai ke tafiya ba. Awon da aka yi ya nuna cewa daga kashi ɗaya bisa huɗu zuwa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin da ya tafi ba kitse ba ne, kuma tsoka tana cikinsa. Dattijon da ya rame ba tare da motsa jiki ba yana iya rabuwa da tumbi ya kuma rabu da ƙarfin tashi daga sujada, ga haɗarin faɗuwa da karaya. Don haka mai yin allurar ya lazimci abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi da nono da nama daidai gwargwado, ya kuma riƙa atisayen da ke sa tsoka aiki aƙalla sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera ana maimaitawa. Tsohon da ba shi da jiki, ko wanda yake ramewa ba da niyya ba, wannan allura ba tasa ba ce.

Sauran illolin alluran sun haɗa da tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin bayan gida, musamman a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali. Suna iya jawo duwatsu a maɗaciya, kuma a wasu 'yan lokuta kumburin gaɓar da ke samar da insulin, wanda alamarsa ciwon ciki ne mai tsanani da ba ya lafawa. Mai irin wannan ciwo ya tafi asibiti nan take. Ba a yi wa mai ciki, kuma macen da ke neman haihuwa ta daina semagulutayid wata biyu kafin ɗaukar ciki. Ba a ba wanda shi ko danginsa suka taɓa yin wani nau'i na kansar tayirod da ke wuya. Wanda sukari ya riga ya taɓa masa ido ya je a duba idon, domin saukar sukari da sauri kan tsananta matsalar na ɗan lokaci. Wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa likitoci yana kan allurar.

Metfomin yana rage bitamin B12 idan aka daɗe ana sha, kuma ƙarancinsa yana kawo kasala da mutuwar ƙafafu da mantuwa, abubuwan da ake ɗauka tsufa ne alhali gwajin jini zai gano su. Ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai. Ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari kuwa suna ƙara yawan fitsari, suna iya busar da ruwan jiki, suna kuma jawo ƙaiƙayi da cutar al'aura, don haka a kula da tsarki da shan ruwa.

Sai kuma batun dainawa. Waɗanda suka bar allurar bayan binciken STEP 1 sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na nauyin da suka rage cikin shekara guda. Ma'ana magani ne na dogon lokaci kamar na hawan jini, ga shi da tsada. Mutum ya auna aljihunsa da haƙƙin iyalinsa tun kafin ya fara. Idan ba zai iya ba, kada ya ci bashi, ya gaya wa likita gaskiya, domin metfomin da maganin hawan jini da na kitsen jini masu araha suna da amfani babba da aka tabbatar.

A kiyayi jabu. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Kada a saya daga masu talla a Facebook ko WhatsApp. Kuma allurar tana son sanyi: ana ajiye ta a firji kafin a buɗe, bayan an fara amfani da ita ma kada zafi ya wuce maki 30, abin da ke da wahala a watannin bazara inda wuta ba ta tsayawa.

Na huɗu: hukuncin amfani da su

Neman magani riƙo ne da sababi, kuma riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya, amma Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya ƙaddara sabubba, kamar yadda mutum yake cin abinci yana neman halal alhali arzikinsa rubutacce ne. Abin da ake buƙata shi ne zuciya ta dogara ga Allah, ta san cewa magani ba ya aiki sai da izininSa.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana canzawa da halin mutum. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa ko nakasa, mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kawai, halal idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, makaruhi kuma idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa. A bisa wannan, mai irin halinka, da sukari da hawan jini da ƙibar da ta hana shi ruku'u da sujada, neman magani a kansa aƙalla mustahabbi ne, kuma kula da sukarin da ke barazana ga ido da ƙoda yana iya kaiwa wajibi. Idan ka yi niyyar samun ƙarfin ibada da rashin ɗora wa 'ya'yanka nauyi, muna fatan ka samu lada.

Ƙanenka kuwa, shawararmu ita ce ya bari. Zai ɗauki illa tabbatacciya ya kashe dukiya mai yawa saboda amfanin da ba a tabbatar ba, kuma shari'a ta hana cutar da kai da almubazzaranci. Haka hukuncin yake ga mai son ramewa don kwalliya kawai ba tare da likita ba, da kuma masu shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu suke jawo ciwon sukarin da hawan jini.

Game da tsarkin maganin, semagulutayid ana samar da shi ne ta hanyar yis, sannan a gyara shi da sinadarai, Mounjaro da metfomin kuwa haɗin sinadarai ne. Ba daga alade ake ciro su ba. Insulin ma da a da ake cirowa daga alade da shanu, yawancin wanda ke kasuwa yanzu ba daga dabba yake ba.

Na biyar: azumi da tsarki

Majalisar da muka ambata, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani da ake yi a fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, ban da ƙarin ruwa da allurar da ke maye gurbin abinci. Don haka Ozempic da Mounjaro da insulin ba sa karya azumi, ko da yake yin allurar mako-mako da dare ya fi natsar da zuciya. Huda yatsa don awon sukari ma ba ya karyawa. Wanda amai ya rinjaye shi ba da gangan ba azuminsa yana nan. Amma haɗiye ƙwaya da rana yana karya azumi.

Ka ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan. Kada a fara sabuwar allura ko a ƙara yawanta dab da azumi, domin a lokacin ne amai ya fi yawa. Mai shan metfomin sau biyu a rana yawanci yakan mayar da shi lokacin buɗa-baki da sahur. Mai shan ƙwayar fitar da sukari ta fitsari ya sha ta da buɗa-baki, ya yawaita shan ruwa da dare, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi. Waɗanda suka fi haɗarin faɗuwar sukari su ne masu insulin da masu shan Daonil da makamantansa, kuma ga tsoho faɗuwar sukari tana iya kawo suma da faɗuwa ƙasa.

Ƙa'idar da likitocin sukari suka tsayar ita ce a karya azumi idan awo ya yi ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko ya haura 300, wato 16.6, ko aka ji karkarwa da gumi da jiri da rikicewar tunani. Wanda ya kai wannan hali ya karya ko da saura kaɗan rana ta faɗi, ya rama daga baya. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma wanda likita amintacce ya tabbatar ba zai iya azumi ba har abada, sai ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana.

Yawan fitsari da magani ke jawowa ba ya cikin hukuncin yoyon fitsari muddin mutum yana iya riƙewa ya samu lokacin da zai yi alwala da sallah cikin tsarki. Idan ya kai ga ɗiga ba tare da yankewa ba, sai ya bi hukuncin mai uzuri, ya kuma sanar da likita ko za a canza masa magani.

Na shida: abin da magani ba ya maye gurbinsa

A binciken riga-kafin ciwon sukari na Amurka da ya fito a 2002, mutum 3,234 da ke dab da kamuwa aka kasa gida-gida. Waɗanda aka ba metfomin haɗarinsu ya ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako kuwa, nasu ya ragu da kashi 58, kuma ga masu shekara 60 zuwa sama ya kai kashi 71. Wannan ya dace da shiriyar da ta zo a hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib (Allah Ya ƙara masa yarda) da Tirmizi ya ruwaito kan taƙaita ci da barin wa numfashi gurbi a ciki. Rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, da barin lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, da ƙara ganye da wake, da takawa zuwa masallaci, da barin taba, da isasshen barci, su ne ginshiƙi, magani kuma ƙari ne a kansu.

Don haka ka koma wurin likitanka, ka nemi a auna maka ƙoda da ido da bitamin B12, ka tambaye shi kuɗin maganin na shekara guda da abin da za a yi idan ka kasa ci gaba. Idan kun daidaita, ka yi Bismillah ka fara. Ƙanenka kuma ya je a auna masa sukari da hawan jini, tunda ciwon yana bin dangi, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba.

Muna roƙon Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya jiyar da kai daɗin jinka da ganinka da ƙarfinka muddin kana raye, Ya sa mu cika da imani.

Allah ne Mafi sani.